Gwajin Sanda

Shekara talatin ina ɗinka wa dawakin mutane kaya
a rumfata ta Birni: jalala, ragama, majayi,
ban taɓa kafa turke a gidana ba.
Sai ga Tasi'u, jikana, ɗan shekara sha ɗaya,
ƙafar hagu ta tsaya tun yana goye,
ta dama ta yi gaba abinta.
Lakwal ɗinsu na bayan duwatsu,
kullum sai an gama kiran suna yake isa.
Na ce keke, ya nuna mini ƙafar.
Na ce jaki, ya kwana biyu bai ce mini uffan ba.

Raguna huɗu suka tafi, da buhun wake biyu.
Jaka ɗari biyu da arba'in na ƙulle a lalita,
ran Alhamis muka shiga kara.

Kanta dillali, goro a kunci,
ya jawo wani akawal, baƙi wuluk kamar gindin tukunya.
"Baba, wannan iska ma bayansa take bi."
Na ɗaga leɓe, na duba haƙora: shekara huɗu, ba ƙarya.
Tasi'u ya matso, sandarsa ta ce ƙwas a kan tsakuwa,
akawal ya tashi tsaye, yana dambe da sama,
mai fura ta watsar da ƙwarya.
Na ce, Kanta, jikan nan ɗaya ne gare ni.

Aka kawo kili, fari sol, mai tafiyar ango.
Idon yaro ya riga ya hau.
Ni kuwa na sa tafi a gadon bayansa,
can ƙarƙashin toka da man kaɗe
na ji miki yana numfashi.
A ruɗi kowa da fata, ban da baduku.

Ran Lahadi muka bi motar Mirriya.
Wani duƙushi aka nuna mana, bai san linzami ba,
wai su girma tare.
Yaro biyu, wa zai reni wani?

Mun haƙura, muna shan rake a gindin tsamiya,
yaro ya kumbura, ba ya ko kallona,
sai ga Nomau mai lambu da wata goɗiya bidi,
buhun albasa dama da hagu,
baya ya ɗan lotsa, geza duk ƙarangiya.
Sandar ta zame daga cinyar Tasi'u,
ta faɗi tsakanin ƙafafunta, ƙwaram!
Ta sunkuya, ta shinshina,
ta ɗauke ɓawon rake, ta ci gaba da tauna.

Na ce, Nomau, sauke albasar nan.
Ya ce ba ta sayarwa ba ce.
Sau uku ina tayawa, sau uku albarka.
Sai da ya ga yaron ya taka kututture,
ya kama geza, ya zame, ya sake kamawa,
ita ko kunne ba ta kaɗa ba.
Ya daɗe yana sosa ƙeya.
"Aibinta biyu," in ji shi,
"ba ta sukuwa ko za a yanka ta,
kuma ba ta wuce rijiya sai ta tsaya."

"Kaka, ba ta da kyau fa," Tasi'u ya ce daga sama.
Na ce, to sauko.
Bai sauko ba.

Daren nan na kunna fitila, na zare basilla.
Igiyar likkafar hagu na rage ta da yatsu huɗu,
na ɗinka wa sandar kube a gefen sirdi
da jar fatar da na ɓoye tun bara.

Rijiya uku ce tsakanin gidanmu da lakwal.
Har yau yana makara wani lokaci,
sai dai in ya makara yanzu
sai a ji yaran ajinsu suna rigima
kan wanda zai riƙe masa ragama.