Murhun Lantana

Shekara talatin da huɗu ina durƙushe
a gidajen mutane a Birnin Kebbi,
da igiya, da ma'aunin ruwa, da gudumar roba,
ina shimfiɗa tayil inda ba zan sake takawa ba.
Na dawo Jega da gwiwoyi masu ƙara
da ɗakin da har yau daɓe ne.

Sai ga Hurera, ɗiyar ɗiyata,
ta dire kwalin taliya a gabana,
ta yanka masa ƙofa da taga biyu.
Wai 'yar tsanarta, Lantana,
ta gaji da girki a ƙasa.
"Kaka, murhu mai tayil muke so.
Ba an ce kai ne gwani ba?"

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Daren nan ban runtsa ba.

Yumɓu daga bakin gulbi,
na shanya, na daka, na tankaɗe da tsohon gyale,
na kwaɓa, na murza da kwalba,
na yanka da reza, guda arba'in da biyu,
kowanne bai kai farcen ƙaramin yatsa ba.
Na jera su a gwangwanin tumatir,
Gado mai shayi ya binne mini a garwashinsa.
Sha ɗaya suka fashe.
Ya ce, "Tsoho, wanga aiki nawa za a biya ka?"

Gashi uku daga jelar akuya
na ɗaure a tsinken tsintsiya.
Bula don shuɗi, kunkunniya don baƙi,
jan ƙasa, farar ƙasa, duk na dama da ƙaro
a marfin lemo.

To, ga hannu.
Hannun da ya daidaita falon mutum ɗari
yanzu rawa yake kamar ganyen gero.
Sai na koyi riƙe numfashi,
in kafa gwiwar hannu a kan turmi a kife,
in ja layi tsakanin bugun zuciya da bugun zuciya.

Na so yin dagi, wurin ya yi kaɗan.
Na yi kifi. Na yi jinjirin wata.
Na yi furen da ke jikin kwallar Ige,
wadda take zuba mini fura a ciki
kafin ƙasa ta rufe mata ido.
Wannan ya ci mini yini guda,
ba don yana da wuya ba.

A na sha tara hannun ya zille,
layi ya karkace, ya yi ciki, ya yi baki.
Na kai hannu zan jefar,
Hurera ta cafke: "Bari! Agwagwa ce."
Na duba ta ƙasan tabarau.
Agwagwa ce kuwa.

Ran Alhamis, ana yayyafi, muka jera su,
ni da hantsaki, ita da umarni.
Tsakuwa uku, tsinken ashana a matsayin itace,
marfin kwalba ya zama tukunya.
Na ce ba wuta, gidan kwali ne.
Ta gutsuro jan barkono ta cusa a tsakiya:
"Ga wuta nan, ta kama."

Na kwanta, kumatuna a kan daɓe,
na leƙa ta ƙofar da ido ɗaya,
irin leƙen da nake yi wa aiki kafin in karɓi kuɗi.
Layin hagu ya ɗan hau.
Da a birni ne, da na ɓamɓare.

Ta biya ni gyaɗa biyu, ɗaya ma ba ƙwaya.
Sannan ta ce in jira, kada in tashi,
Lantana ta ɗora sanwa.

Shekara talatin da huɗu,
ban taɓa cin tuwon murhun da na gyara ba.
Na wanke hannu, na gyara zama.
Aka kawo na yashi, da miyar ganyen zogale,
na ce ya ji gishiri.