Kunnen Jita

Jitar yayana Sallau ta kurumce ranar Talata.
Tsirkiya shida lafiya lau,
amma da na jona ta da sifika
sai ƙugi,
kamar ƙudan zuma sun tare a tulu.

Aka ce kunnenta ne ya mutu,
ɗan ƙarfen nan mai maganaɗisu
da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya,
yana jin abin da yatsa ya raɗa
ya kai wa jama'a.
Masu sana'a fikof suke ce masa.
Ni kunne na sani.

Na fara da kasuwar waya ta titin Beirut.
Wani yaro mai fitila a goshi
ya riƙe ta kamar an miƙa masa jinjirin wani:
"Yallaɓai, bar ta, jibi ka dawo."
Jibinsa ya haifi jibi, har da jika.
Sati uku na karɓo ta,
sukurori biyu sun yi ɓatan dabo,
ga zoben kofin shayi a ƙirjinta.

Mai rediyo a Fagge ya ce dubu arba'in
tun ban zuge jaka ba.
Ba ciwon ya duba ba,
takalmina ya duba.

A adaidaita sahu, jita tsakanin gwiwoyina,
direba ya leƙo ni ta madubi:
"Sabon Gari za ka.
Bayan masu sayar da fanka, lungu na biyu,
ka ce Baba Nwokedi,
mai yi wa coci-coci gyaran kayan kiɗa."

Shagon bai fi tabarma biyu ba.
Warin dalma, gwangwanin madara cike da sukurori,
wata kyanwa tana barci a kan amfilifaya.
Tsohon ya gaishe ni da Kanancin da ya fi nawa.
Bai yi zancen kuɗi ba.
Ya ce, "Zauna. A gabanka zan buɗe ta.
Ba na yi wa kayan mutum fiɗa a bayan idonsa."

Ya ɗora mita, allura ta motsa a ɗaya,
a ɗayan ta yi lamo.
"Na wuya yana da rai, waya ce ta saki.
Na gindi ne ya tafi.
Ɗaya za ka saya, ba biyu ba."

Sai ya yi shiru.
Ya matso da tabarau, ya kai farce kan wani ɗigon dalma
mai kama da ƙwayar gero.
"Wannan hannuna ne.
Dogo ne mai ita, da wushirya,
yana kaɗawa da hagu?"

Na ce shekara tara ke nan da muka kai shi Ɗandolo.

Aka ɗauke wuta.
Bai tashi janareta ba,
ya sa ƙarfensa a garwashin mai gasa masara,
muka jira ya yi ja,
ba wanda ya ce uffan.

Da la'asar ya miƙo mini ita.
Na taɓa tsirkiya ta uku,
kyanwa ta zabura,
mai fanka ya leƙo.

Tsohon kunnen ya naɗe a takardar burodi
ya tura mini cikin aljihu:
"Naka ne, ko matacce ne."
Daga kuɗin ya zare ɗari biyu ya mayar.
"Canjin yayanka. Ya ce zai dawo ya karɓa."

Yanzu sabon kunne yana jin yatsuna,
har kurakuraina ba ya ɓoyewa.
Tsohon kuwa yana cikin akwati, kusa da hular Sallau.
Wani dare nakan kara shi a kunnena,
ko da sauran abin da ya ji
bai gama faɗa ba.