Tamanin da Bakwai

Na hau Potosí daga Santa Cruz mai zafi,
akwati ɗaya, ma'aunin zafi naɗe cikin safa,
da wata doka a kuncina
kamar ganyen koka a bakin mahaƙan azurfa:
ruwa ba ya tafasa sai ya kai ɗari.

Na rubuta a allo. Yara talatin suka kwafa.
Na kunna risho, na ɗora tukunya,
na tsaya kamar alƙalin da ya yanke hukunci
tun kafin shaidu su iso.

Ruwa ya ɓararraka.
Tamanin da bakwai.

Na girgiza ma'auni, na zargi gilashi,
na zargi risho, na zargi idona.
Na sake. Tamanin da bakwai.

Daga bencin baya Wara Ticona ta ɗaga hannu:
"Malam, kakata ta ce waken nan garin
sai ya sha wuta tun asuba,
ruwanmu mai saurin fushi ne, amma ba ya ƙuna."

Ranar Asabar na je gidan.
Tsohuwa Basilia ba ta san sunan iska mai danna ruwa ba,
ba ta san mita dubu huɗu ke ƙarƙashin murhunta ba.
Ta dai ɗora dutse a kan murfi,
ta miƙo mini cokali.

Ashe waɗanda suka rubuta ɗari
a bakin teku suka dafa shayinsu.
Ba ƙarya suka yi ba.
Sun faɗi abin da suka gani a ƙofar gida,
sharaɗin ya zame, ya faɗi a hanya,
jimlar ta iso mini tsirara.

Yanzu ina da sabuwar doka, mai lissafin nauyin iska,
ta fi waccan faɗi, ta ɗauke dutse da teku.
Amma da dare, in numfashi ya ƙi cika ƙirjina,
nakan tambaye ta:
ke kuma ina ne naki dutsen
da ba wanda ya hau tukuna?
Sau dubu kin yi daidai, na yarda.
Wa ya rantse miki da na dubu da ɗaya?

Litinin ban goge allo ba.
Na ƙara "a bakin teku" da ƙananan baƙaƙe,
na bar fili a gabansa
faɗin tafin hannun Wara.