Kunya Biyu a Rinji

Da keken ɗinki na iso Rinji,
a bayan akori-kura, tsakanin buhunan taki,
sanye da riga shara-shara irin tamu ta Nguru,
inda zafi ke tada mutum kafin ladan.
Kawu ya rasu ya bar gona,
kasuwa ta ƙone ta bar ni,
sai aka haɗa marayu biyu.

Ba wanda ya gaya mini Agusta na da haƙora.
Kwana tara marka ba ta ɗaga ba.
Duwatsu sun ja gajimare sun rufa har wuya,
gishiri ya yi kuka a cikin gwangwani,
ashana ta ƙi ni sau bakwai.
Wandon da na shanya ran Laraba
da danshinsa na sa shi ran Lahadi.
Da asuba nakan tsaya ina kallon buta
kamar wadda ke bina bashi.

Baba Jatau, mai gonar da ke iyaka da tawa,
ya miƙo mini garma, bai ce uffan ba.
Hannun da ya saba da allura
ya kama ƙota kamar zai gaishe ta.
Na ja kunyar farko daga tudu zuwa kwari,
ta tafi tana tangaɗi,
ta biyu ta bi ta don kara.
Yara masu kiwo suka tsaya a kan fa
suna dariya har da riƙe ciki.
Kunya biyu na kwasa ran nan,
ɗaya a ƙasa, ɗaya a fuska.

Na tuge acca, na ɗauka ciyawa ce.
Ciyawar kuwa na zuba mata taki.

Cikin dare ruwa ya sauko daga dutse,
da safe na tarar da rabin aikina a bakin rafi.
Jatau ya tsuguna, ya murza laka a yatsa.
Ya ce, “Tela, a gicciye ake ja.
In ka buɗe wa ruwa hanya, da ƙasarka zai tafi.”
Na daɗe ina duban gangaren.
Ashe ita ma gona kalmasa take so,
don kada bakinta ya zare.

Daga nan na fara jin yarenta.
Bororo ya fashe, kanta ta maye gurbinsa.
Faso ya buɗe baki a diddige,
na toshe shi da man kaɗanya.

Inna Tabawa kan aiko jikanta da magariba,
kwanon gwaten acca a hannu ɗaya,
kaskon garwashi a ɗayan.
Ita ta ce in riƙa kwantar da buta kusa da toka,
“Sanyi ba a faɗa da shi, ɗan nan, lallaɓa shi ake.”
Ni kuma na buɗe keke a zaure,
ina yi wa rigunan sanyin gwanjo faci,
gwiwar hannu, aljihu, wuyan da ya gaji.
Wani ya biya da irin dankali,
wani da wuni guda a gonata,
wani da “Allah ya kai mu kaka.”

Ya kai mu.
Buhu huɗu da rabi, Jatau ya yi talatin.
Na gasa na farko a cikin toka,
na ɓare shi yana ƙona mini yatsu,
tururinsa na haɗuwa da na bakina.

Jiya ƙanena ya kira daga Nguru,
wai an sake gina rumfuna, yaushe zan dawo?
Na dubi kunyoyin da suka kwanta a gicciye,
har yanzu akwai karkatattu biyu a ƙasa.
Na ce masa ya dakata tukuna,
ina da ɗinkin da ban gama ba.