Na Bakwai Daga Hagu

Ni ce Iracilda, mai sayar da busassun furanni
a bakin babban cocin Brasiliya.
Shekara ashirin da biyu ina wannan gurbi,
rana ta san ƙeyata, ni ma na san halinta.

Da hantsi motoci ke zubo baƙi,
kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.
Wani ya ce kambin sarauta ne.
Wata ta ce hannaye ne aka buɗe ana addu'a.
Wani yaro ya ce akurki ne aka kifa wa kaza,
uwarsa ta make shi,
ni kuwa na ba shi fure kyauta.

Ginshiƙai goma sha shida, farare fat,
sun ranƙwafo sun haɗa ƙugu,
suka sake rabuwa a sama, kowa da inda ya nuna.

Ba a hawa a shiga ɗakin nan, gangarawa ake yi.
Sai ƙasa ta haɗiye ka tukuna,
lungu mai duhu ya wanke maka hasken titi daga ido,
sannan gilashi ya zubo maka a ka:
shuɗi, kore, fari,
kamar kogin da ya koyi tsayuwa.
Mala'iku uku na reto a igiyar ƙarfe,
babban cikinsu ya yi nauyin saniya
amma ban taɓa ganin wanda ya kauce daga ƙarƙashinsa ba.

Ɗan jagora ya haddace nauyin kowane ginshiƙi,
ya haddace sunan wanda ya zana.
Sunan Valdemiro ne bai sani ba.
Babana ke nan. Daga Piyawi ya zo a bayan akori-kura,
kwana tara yana riƙe da sanda ɗaya,
ya kwaɓa siminti har tafinsa ya daina jin zafi.
Da gari ya ginu, bayan gari aka ba shi.

Yakan ce na bakwai daga hagu nasa ne,
in ka juya wa ƙararrawa baya.
Ban taɓa tambayarsa yadda ya gane ba,
duk kamarsu ɗaya.

Sau ɗaya na shigo da shi, kunnensa ya riga ya mutu rabi.
Akwai bango mai lanƙwasa a ciki,
in ka yi raɗa a wannan baki, tana fita a wancan.
Na tsayar da shi, na taka zuwa ɗaya ƙarshen,
ina neman babbar magana, na rasa.
Na ce, Baba, ka gaji?
Shiru.
Can sai muryarsa ta biyo bango, siririya:
Ba su goge kusurwar nan da kyau ba.

Bara muka binne shi.

Ɗazu wata baƙuwa ta roƙe ni in matsa,
wai kwandona ya shiga hotonta.
Na matsa. Ba ta sayi komai ba.

Da yamma na rufe furanni da leda,
na hau bas ɗin Seilandiya, na sami kujerar taga.
Fitilu sun kama, ginin ya yi fari kamar ƙashi.
Na fara ƙirga daga hagu,
ɗaya, biyu, uku,
sai wata babbar mota ta gifta tsakani.