Ta Ƙi Shiga Uku

Adashen wata goma sha huɗu
na zube gaban dillali a Mando.
Ya lashi yatsa, ya ƙirga sau biyu,
ya ce, "Sista, wata tsohuwa ce ta hau ta a Turai,
daga gida sai kasuwa."
Daga baya na ji, duk motar da ke Mando
tsohuwar nan ce ta hau ta.

Kwana tara muna zaman lafiya.
Ran na goma, a hawan gadar Kawo,
ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki biyu,
sai inji ya kama ihu kamar na markaɗe,
allura ta haye sama, taya na jan ciki.
Ta ƙi shiga uku.
Ni na shiga.
Mai Keke ya gifta ni yana dariya:
"Hajiya, ko a kawo igiya?"

Bakaniken farko ko bonet bai ɗaga ba.
Ya ce giyabos ya riga mu gidan gaskiya,
a sauke, akwai wani a Panteka.
Ya faɗi kuɗin, na nemi benci.
Na biyu ya soka kwamfuta ƙarƙashin sitiyari,
ta tofo harafi ɗaya da lamba huɗu.
Dubu biyar kuɗin karatu.
Fassara kuwa, sai Allah.

Sai Baba Jatau, can ƙuryar Kurmin Mashi,
mai kunne ɗaya, ɗayan injin jirgin ƙasa ya cinye.
Ya ce, "Bar ta a kunne. Taka burki.
Bi haruffan nan ɗaya bayan ɗaya, kar ki yi gaggawa."
Ya zaro sandar awo, ya goga a farar takarda,
ya ɗaga wa rana, ya kai hanci.
Na ce, Baba, haka muke yi a asibiti,
jini tukuna, kafin a yi zancen wuƙa.

"Ja ya kamata, kamar zoɓo.
Naki kogin Kaduna ne a watan Agusta.
Amma bai yi ƙaurin ƙanzo ba.
Da ya yi, da na ce ki tafi gida ki yi kuka."

Suka kwance tiren ƙasa, kusa goma sha takwas,
biyu ma ba nata ba ne.
Maganaɗisu ya yi gashi da toka-toka.
Ya murza a yatsa, ido rufe,
yana laluben tsakuwar ƙarfe. Babu.
Filta ta toshe kamar kwatar Unguwar Sanusi.
Kefas, yaronsa, kwance a kwali,
ya yi kira daga ƙasa: "Oga, zo ka ga tsohuwa!"
Wayar soket ce, ta yi kore,
an naɗe ta da ledar ruwa da ƙyauron roba.

Lita huɗu, filta, soket ɗin gwanjo,
da lemo biyu, don Kefas ya sha mai a ido.

Muka hau baifas, Baba a gefena,
ya juyo da kunnen kirki wajen ƙafata.
Ɗaya.
Biyu.
Shiru, tsawon haɗiyar yawu.
Sai ta yi ajiyar zuciya, ta shiga.

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu:
"Kar ki yi guɗa. In ta yi zafi, saurari ribas.
Tana iya kai ki shekara uku,
tana iya kai ki Juma'a."

Yau Asabar.
Rediyo a kashe, gilashi a ƙasa,
nakan fito aikin dare in bi ta Kawo da gangan,
yatsa biyu a kan giya
kamar yadda nake riƙe wuyan hannun
mara lafiyar da aka ce ya ji sauƙi.