Ana Dako

Ƙarfe biyar da rabi takardu ke sauka,
Turanci daga nesa, Faransanci daga Yamai,
ni kuma in juya su kafin magariba
a ɗakin da fanka ke tari tana juyi da ƙyar.

Turawa suna da jira iri biyu.
Ɗaya na kowa ne, mai silifas,
shi ke tsayuwa bakin famfo da jarka.
Ɗayan kuwa mai kwat ne, ba ya gumi,
ba ka jin sa a teburin mai shayi,
sai a kan labari, da manyan baƙaƙe:
hukunci yake jira, ko sakamako,
ko saukar jirgin wani babba.
Malam Asumana Illo, da ya koya mini aikin,
ya ce, "In ka ga mai kwat ɗin, rubuta dako.
Jira na tasha ne. Dako na gwamnati."

Shekara tara ke nan ina rubuta dako.
Ana dakon rahoton kwamiti.
Ana dakon hatsi mai rahusa.
Ana dakon bayani daga hukuma,
wadda ita ma, in ji majiya, tana dakon bayani.
Na iya faɗinsa numfashina bai motsa ba,
in kurɓi ruwa, in wuce labarin ƙwallo.

Ran Lahadi, kasuwar Tawa ta cika,
na tsaya sayen albasa wajen Tsahara.
Ta gane muryar kafin ta gane fuskar.
"Kai ne mai ana?" ta ce.
"Shekaranjiya ka ce ana dakon sunayen
waɗanda mota ta kife da su a hanyar Abijan.
Wane ne ana? Ɗan wace unguwa ne?
Ni dai ban gan shi a ƙofar gidana ba.
Ni ce kawai, da wayar Rabe da ba ta shiga,
da matarsa da ta daina tambaya,
da tuwon da nake ragewa a kwano,
ko Allah zai sa."

Ban ce uffan ba.
Ta ƙara mini albasa biyu gyara,
ni da ya kamata in ba ta wani abu.

A bakin kasuwa wani ya gifta ni da buhu a ka,
wuyansa ya nutse cikin kafaɗu.
"Ɗan dako, matsa can," aka ce masa.
Na tsaya cak.
Ashe kalmar tana da nauyi.
Ashe wani ke ɗauka, ni ina karantawa.

Litinin na ce wa Malam Asumana,
"Bari in sa suna. In ce Tsahara na jira."
Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
"Labari ba ya jira, yaro, mutane ke jira.
Mu kuwa labari muke yi.
Minti uku gare ka."

Jar fitila ta kama.
Na ce, "Jama'a masu sauraro,"
sai harshena ya sarƙe a nan,
don a garinmu in uwa ta ce ina sauraronka
ba kunne take nufi ba.
Ƙofa ce da ba a sa wa sakata ba,
tocila ce a gefen tabarma,
barci ne rabi da rabi.

Daƙiƙa huɗu iska ta tafi fanko.
Mai inji ya ɗaga mini hannu ta gilashi.
Na duba takarda. Sunayen ba su zo ba.
Na karanta abin da ke rubuce,
sai dai a gurbin dako na ce jira,
mai silifas ɗin, mai faso a dunduniya.

Ba wanda ya lura a ofis.
Ban sani ba ko ita ta ji.
Lahadi mai zuwa zan koma sayen albasa,
ko da ta gida ba ta ƙare ba.